Zancen Suna da Takwara



Duk sa'ad da lokacin baftisma ya matso, akwai tambaya guda wadda ba ta taɓa wuce ni ba. Bayan an tashi daga aji, kowa ya nufi gida, sai wani ya tsaya a baya, ya matso kusa, ya rage murya ya ce, "Malam, wane suna za a sa mini?" Wani ma ya riga ya zaɓo tun daga gida: shi Bulus ya ke so, ko Daniyel, ko Istifanus; mace kuwa ta ce Rahila ko Hannatu. Ban ga laifin wannan tambaya ba, gama wanda ya sami sabon rai ba abin mamaki ba ne ya yi marmarin sabuwar riga. Amma na lura wani tunani ya kan ɓuya a ƙarƙashinta, watau cewa sunan ne za ya ɗauki mutum ya kai shi inda mai sunan na fari ya kai. Sabo da wannan tunani na ke rubuta muku 'yar takardan nan.

Mu Hausawa mu kan ce suna linzami ne. Ba a banza iyayenmu su ke sammako ranar suna ba: a yanka rago, a raba goro, a raɗa wa jariri suna, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, wanzami ya yi aski. A kan sa wa yaro sunan kakansa ko na wani malami, ana fata albarkar mai sunan ta bi shi, har uwa ta ji kunyar kiran sunan ta yi masa wani na cikin gida. Fata ne mai kyau, Allah kuwa ba ya raina fatan iyaye. Amma kowa ya sani linzami ba ya tafiya, doki ke tafiya. Ka sa wa jaki linzamin azurfa, ba za ya yi sukuwa ranar hawan Gani ba.

Ka gwada da kanka. Ka tafi kasuwar Daura, ko ta Mai'aduwa ranar da ta cika, ka tsaya a tsakiya ka ɗaga murya ka ce, "Musa!" sa'an nan ka ƙidaya kawunan da za su waiwayo. Ga mahauci da wuƙa a hannu, ga dillalin shanu, ga almajiri da ƙoƙo, ga tsoho mai sayar da igiya, watakila har da wanda ya shigo kasuwa domin ya yanki aljihun mutane. Dukansu an yi musu taron suna, dukansu a kan yi musu laƙabi da Kallamu, amma ba abin da ya haɗa su sai baƙaƙe huɗu.

Ko a cikin manya waɗanda labarinsu ya shiga littattafai haka abin ya ke. Mutanen ƙasar Daura ba su bukatar a gaya musu ko wane ne Sarki Musa. Tun shekara ta 1805, sa'ad da Malam Isiyaku ya ci birnin a zamanin jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyar sarakunan dā suka yi ta zaman jira a waje, waɗansu a Zango, waɗansu a Ɓaure, kusan shekara ɗari. A zamanin Turawa, a hannun Malam Musa na Zango sarautar Daura ta komo gidanta na asali. Ɗansa Abdurrahman ya gaje shi, ya yi fiye da shekara hamsin a kan gado, har 1966.

Nesa da nan wajen yamma, tun dā can, an yi wani Musa, sarkin Mali, wanda a ke kira Mansa Musa. A shekara ta 1324 ya tafi Makka, ya bi ta Alƙahira da ayarin raƙuma ɗauke da zinariya, ya yi ta kyauta har darajar zinariya ta faɗi a kasuwannin Masar, aka daɗe ana zancensa. Sa'an nan ga Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991. Shi bai gaji sarauta ko zinariya ba, kiɗa ya gada a wurin ubansa, da kotso kuwa ya shiga fadar sarakuna da yawa, har ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, wanda ya fito daga gidan wancan Musa na Zango.

Wanda dukansu suka ari sunansa fa? Annabi Musa, bawan Allah, an haife shi ɗan bayi a Masar, aka tsince shi cikin kwando a bakin kogi, ya girma a gidan Fir'auna kamar ɗan sarki. Ya kashe mutum da hannunsa, ya gudu, ya yi shekara arba'in yana kiwon tumakin surukinsa a jejin Midiyan. Yana da shekara tamanin Allah ya kira shi, shi kuwa ya yi ta kawo hanzari cewa bai iya magana ba. Ya fito da jama'a daga bauta, ya sha gunaguninsu wata shekara arba'in, daga ƙarshe ya hangi ƙasar alkawari daga kan dutsen Nebo, bai taka ta ba. Bai tara dukiya ba, bai bar wa 'ya'yansa sarauta ba, ko kabarinsa ba a sani ba.

Ba ni ne alƙalin waɗannan mutane ba, ban kuwa kawo su domin in auna wani da wani ba. Kowa yana da Mai yi masa shari'a. Abin da na ke so ka gani kaɗai shi ne, suna ɗaya ya shiga gida huɗu, ya fito da rai huɗu waɗanda ba su bi hanya ɗaya ba. Kama da wane ba ta wane. Ko a labarin da kakanni suka bar mana na rijiyar Kusugu, an ce macijin nan da ya hana mutanen Daurama ɗiban ruwa sai ranar Jumma'a, Sarki a ke ce da shi. Mai hana mutane ruwa ke nan ya yi takwara da masu riƙon ƙasa.

Watakila za ka ce mini, "Malam, ai waɗannan sunayen yanka ne. Sunan da a ke sa wa mutum a gaban ikilisiya dabam ne, gama da addu'a a ke sa shi, daga cikin Littafi kuma a ke ɗauko shi." To, mu buɗe Littafin. Tun 1932 mu ke da Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa, sabo da haka ba sai ka dogara ga bakina ba. Ka karanta da kanka, in ba ka iya ba tukuna ka roƙi wani ya karanta maka. A cikin littafi guda, watau Ayyukan Manzanni, akwai mutum uku masu suna Hananiya. Ma'anar sunan da Ibrananci kuwa, Ubangiji ya yi alheri. Wane uba ne ba za ya so ya sa wa ɗansa irin wannan suna ba?

Na fari yana cikin sura ta 5. Mai bi ne, ɗan ikilisiyar Urushalima, a kwanakin da masu bi su ke sayar da gonakinsu suna kawo kuɗin domin a raba wa matalauta. Shi ma ya sayar da wani fili. Ba wanda ya tilasta masa. Filin nasa ne, kuɗin ma nasa ne, da ya so da ya riƙe duka ba mai ce masa kome. Amma ga alama ya ga yadda a ke girmama waɗanda suka kawo duka, ya yi sha'awar girman, bai yi sha'awar hasarar ba. Ya ƙulla da matarsa Safiratu, suka ɓoye wani kashi, ya kawo ragowar kamar iyakar abin da aka biya ke nan. Bitrus ya tone shi a gaban jama'a, ya nuna masa ƙaryar tasa ta wuce kan mutane ta kai ga Allah. Nan take ya faɗi ya mutu, samari suka ɗauke shi suka binne. Bayan kamar sa'a uku matar ta shigo, ta maimaita ƙaryar, ta bi shi. Ka lura, ya ɗan'uwana, wannan mutum ba bare ba ne. A cikin taron masu bi ya ke zama, da kyauta a hannu ya zo, sunansa kuwa mai daɗi ne.

Na biyu yana cikin sura ta 9. Shi ma mai bi ne, amma a Dimashƙu. Ba manzo ba ne, ba a gaya mana sana'arsa ba, aiki guda tak aka rubuta ya yi. Ubangiji ya yi masa magana cikin wahayi, ya aike shi wani gida a titin da a ke kira Miƙaƙƙe, wurin wani baƙo da ya makance, mutumin Tarsus, mai suna Shawulu. Hananiya kuwa ya san wannan suna sarai. Shi ne mutumin da ya yi ta jan masu bi zuwa kurkuku a Urushalima, ya taho Dimashƙu da takardun izini domin ya ɗaure irinsu Hananiya ɗin. Ka sa kanka a wurinsa: kamar a ce maka ka tashi ka je ka duba lafiyar wanda ya shigo garinku da sammaci mai sunanka a ciki. Ya ji tsoro, bai kuwa ɓoye wa Ubangiji tsoronsa ba, ya faɗa. Amma da aka sake ce masa ya tafi, sai ya tafi. Ya shiga gidan, ya ɗora hannu a kan maƙiyinsa, ya kira shi ɗan'uwa. Idon Shawulu ya buɗe, aka yi masa baftisma. Wannan Shawulu shi ne Bulus ɗin da ka ke so a sa maka sunansa. Mai gidan da aka yi wannan abu kuwa, ko ka san sunansa? Yahuda ne, takwaran wanda ya ba da Ubangijinmu a kan azurfa talatin. Ashe kamar yadda kyakkyawan suna bai ceci na Urushalima ba, haka ɓataccen suna bai hana wannan gida zama masaukin alheri ba.

Na uku yana cikin sura ta 23, shi ne babban firist, shugaban majalisa. Aka kawo Bulus gabansa, Bulus ya buɗe baki ke nan sai ya ba da umurni a buge masa baki, alhali kuwa doka ba ta yarda a bugi wanda ba a tabbatar da laifinsa ba. Bai tsaya nan ba, ya bi shi har Kaisariya da lauya domin ya kai ƙararsa gaban gwamna. Masu tarihi sun rubuta cewa a shekara ta 66, sa'ad da tawaye ya tashi a Urushalima, mutanen al'ummarsa ne suka kashe shi.

To, in aka sa maka Hananiya ranar baftisma, takwaran wanne ka zama? Na mai ɓoye kashi, ko na wanda ya ɗora wa Bulus hannu domin warkarwa, ko na wanda ya sa a ɗora masa hannu domin mari? Sunan ba za ya amsa maka ba. Ranar kasuwa ce za ta amsa, da ranar rabon gado, da daren da ba mai ganinka.

A nan sai in faɗi wani abu a fili, gama na san shi a zuciyata kafin in gan shi a zuciyar wani. Da yawa daga cikinmu mun taso da laya a wuya da guru a ƙugu. Mun kwance su mun ƙone, amma wuyan ya kan ji kamar an bar shi tsirara, ya yi ta neman abin da za ya rataya a madadinsu. Kada sunan baftisma ya zama maka sabuwar laya. A sura ta 19 an ba da labarin waɗansu 'yan'uwa bakwai a Afisa, masu yawon korar aljannu, waɗanda suka ɗauki sunan Yesu kansa suka mai da shi kayan aiki, ba su kuwa san Mai sunan ba. Da rauni suka fita gidan a guje, ba ko riga. In sunan Ubangiji bai yarda a yi laya da shi ba, balle na Bulus ko Daniyel.

Hanyar da ta fi kyau tana nan a ƙarshen sura ta 4, gab da labarin Hananiya na fari. Akwai wani Yusufu, mutumin tsibirin Kubrus, wanda manzanni suka ga yadda ya ke ɗaga waɗanda zuciyarsu ta karai, suka yi masa laƙabi da Barnaba, watau mai ƙarfafa zuciya, har laƙabin ya danne sunan yanka. Hali ya riga, suna ya biyo baya. Mu ma mun san wannan a ƙauyukanmu: ba ranar suna a kan ce da mutum Sarkin Noma ba, sai an ga damunansa an ƙidaya.

Sabo da haka in ka tambaye ni ko lalle ne ka sake suna, sai in ce ba lalle ba ne. 'Yan'uwanmu da suka fito daga gidajen Maguzawa suna da sunaye irin su Tanko, da Nomau, da Ɗanladi, da Kande. Waɗannan ba su da aibi. Labarin haihuwarka su ke bayarwa, cewa bayan mata aka haife ka, ko lokacin noma, ko ran Lahadi. Wanda kuwa sunansa Musa ko Yusufu ko Dauda ko Maryamu, ai tun dā yana cikin Littafi. Manzanni ba su tilasta wa kowa ya sake suna ba. Afolos mai wa'azi, daga sunan wani gunkin Helenawa sunansa ya fito, da shi kuwa Bulus ya ke ambatonsa cikin wasiƙunsa. In sunanka an ɗaura shi ne ga wani iska ko wani tsafi na gida, har zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, wannan dabam. Ka je ka yi shawara da fasto da dattawan ikilisiya. In kuwa ka so ƙarin suna domin tunawa da ranar, ka ƙara, ba laifi. Wani yaro Bayarabe mai suna Ajayi, wanda aka ƙwato daga jirgin masu fataucin bayi aka kai Saliyo, da aka yi masa baftisma a 1825 ya ɗauki sunan wani limamin ikilisiya na Ingila, Samuel Crowther, amma bai yar da Ajayi ba. A 1864 ya zama bishop, yau kuwa in aka ambaci wannan suna shi a ke tunawa, mai sunan na fari kaɗan ne suka san shi. Abu guda na ke roƙonka: ubanka ya sayar da hatsinsa ya yi maka taron suna. Bin Ubangiji za ya kawo isasshen ɓacin rai tsakaninka da danginka ko ba ka nema ba. Kada ka ƙara musu wanda Ubangiji bai umurta ba. In tsohuwarka ta kira ka da sunan da ta saba, ka amsa da sauri, ka durƙusa kamar dā.

Amma akwai suna guda wanda za ka ɗauka ranar baftisma ko ka zaɓa ko ba ka zaɓa ba. A birnin Antakiya aka fara kiran masu bi da shi, kamar yadda sura ta 11 ta nuna, watau Kirista, mutanen Kristi. A cikin wannan suna takwarorinka ba su ƙidayuwa, rayukansu kuwa sun sha bamban fiye da na Musa huɗun nan. Masu wannan suna ne suka yi ta jigilar bayi daga gaɓar Afirka zuwa Amurka. Masu wannan suna ne kuma, irin su Wilbafos na Ingila, suka yi ta fama har majalisarsu ta hana cinikin a 1807. In maƙwabcinka ya goranta maka da na farkon, kada ka yi musu, gama gaskiya ya faɗa. Ka ce masa akwai Hananiya fiye da ɗaya.

Ga kuma inda wannan suna ya rabu da sauran. In Musa mahauci ya ci bashi ya gudu, ba mai zuwa ya kama Musa dillali. Amma a ƙasar Daura mu kaɗan ne. Akwai ƙauyen da mutanensa ba su taɓa riƙe Linjila a hannu ba, duk abin da suka sani game da Yesu Kristi shi ne abin da suka gani a gida ɗaya ko biyu. In ka ci iyakar gonar wani, ko ka doki matarka, ko ka kwana a gidan giya, ba za a ce wane ya yi ba, za a ce haka su ke. Takwaranka na Sandamu ko na Zango, wanda bai taɓa ganin fuskarka ba, shi za a hana aron guga sabo da kai. Mai sunan kuma, wanda ya saye ka da jininsa, shi a ke zagi.

Wata shekara akwai wani magidanci a ajinmu na baftisma, mai awon hatsi a wata kasuwar ƙauye. Ya iya karatu da sauri, ya fi kowa haddace tambayoyi, ya kuwa gaya mini tun da wuri shi Bulus ya ke so a sa masa. Amma kowa a kasuwar ya san mudu biyu gare shi: babba na saye daga hannun mata, da wani wanda aka buga gindinsa ya shige ciki, na sayarwa. Ni ma na sani. Na yi mako biyu ina koya masa ma'anar baftisma ban ce masa kome ba, gama ya girme ni, ina kuma jin tsoron ya bar ajin a ce ni na kore shi. Wannan laifina ne, na kuwa roƙi gafara a kansa.

Daga baya na je gidansa da almuru, muka gaisa, na ce, "Yaya, zancen mudu ya kawo ni." Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce kowane mai awo haka ya ke yi, in ya daina da me za ya ci da iyali, ni kuwa albashi na ke ɗauka ban san zafin kasuwa ba. A wannan na ƙarshe ban sami abin amsa masa ba. Ya daina zuwa aji fiye da wata guda, aka yi baftismar wannan karo ba shi.

Wata rana da yamma ina shara a ƙofar majami'a sai ga shi da wani abu cikin buhu. Ya zazzage, ƙaramin mudun ne. Ya ce, "Malam, waɗanda na tauye fa? Ban san adadinsu ba." Muka kai maganar gaban dattawa, aka shirya cewa duk wanda ya tuna ya taɓa auna masa da wannan mudu, ya riƙa yi masa gyara mai kauri har kaka ta shigo. Ribarsa ta ragu, mai ɗakinsa ta yi ta mita, waɗansu abokan sana'arsa suka daina zama kusa da shi domin mata sun fara wuce su suna zuwa wurinsa.

Bayan kaka aka yi masa baftisma. Da fasto ya tambaye shi sunan da za a kira, ya faɗi wanda uwarsa ta sa masa domin da damina aka haife shi. Mudun yana nan a ɗakin ajiya na majami'a. Da shi yara su ke ɗiban ruwa suna yayyafa wa ƙasa kafin shara ran Asabar.